Inuwar da Ba Ta Cikin Lissafi

Ni ke haɗa takardar albashi a hawa na biyu,
tagata na kallon filin ajiye motoci,
shi ya sa na san abin da lissafi ya sani,
na kuma san abin da yake kau da kai a kansa.

Bakwai saura, Rabe ya baro Dandagoro.
Ɗari uku zuwa Ƙofar Ƙaura,
ɗari biyu a kai in mai napep ya tashi da haƙuri,
in kuwa fetur ya tashi, kowa ya tashi da shi.
Mutum huɗu a baya, gwiwa na gaida gwiwa,
na biyar a gaba, rabin jikinsa a cikin keke,
rabin a cikin Allah ya tsare.

Kuɗin sufurin Rabe ni nake rubuta shi,
layi na huɗu, dubu tara da ɗan ɗoriya.
Ni ne kuma mai riƙe da wuƙar haraji,
in ɗan yanki gefe kamar mahauci,
in ce masa doka ce, ya ce mini sannu da aiki.

Tara da rabi motar Darakta Sada ke shigowa,
shi kaɗai, kujeru huɗu na hamma.
Maigadi ya saki sarƙa.
Rumfar kwano, lambarta da farin fenti a bango,
ta shige ta kwanta kamar saniyar da ta ƙoshi.
Na taɓa auna wurin da ƙafata ranar Asabar:
taku takwas a tsaye, huɗu a kwance.
A Babbar Kasuwa, Inna Murja mai tumatir
kullum sai ta biya kuɗin taku biyu na ƙasa.
Wannan inuwa kuwa ba ta da layi a takardata,
ba wanda ya kira ta albashi,
balle wuƙata ta san hanyar wuyanta.

Sai ga takarda daga sama, da hatimi:
duk mai hawan motar haya za a rage masa haraji,
in ya kawo rasit.
Na karanta wa Rabe sau biyu, ya cire hula ya mayar.

Washegari ya ce da mai napep, a ba ni rasit.
Yaron ya juyo, ya dube shi sama da ƙasa:
Baba, canji ma ban da shi.
Fasinjoji suka kwashe da dariya har Ƙofar Ƙwaya.
Bas mai yanka tikiti Daura take zuwa,
ba ta san Dandagoro da mutane ba.
Gidan mai kuwa rasit kamar ganyen darbejiya,
ko ba ka tambaya ba a miƙo maka.
Ƙarshen wata na buɗe fayil:
goma sha ɗaya daga Darakta, an jera da ƙusa,
wai man motar da ke kai ma'aikata taro.
Gefen Rabe fari fat, kamar allon da aka wanke.

Ran da Darakta ya yi tafiya Abuja,
nakan hango Rabe ƙarƙashin rumfar nan,
ya shimfiɗa kwali, ya buɗe kwanon ɗanwake,
yana ci yana duban ƙofa.

Kada in yi ƙarya a cikin waƙa.
Ni ma ina zubin adashi wurin Zinatu,
saura kwasa biyu in sayi tsohuwar mota.
Na riga na zaɓi wuri, kusa da famfo,
inda inuwa ke kaiwa har la'asar.
Ban gaya wa Rabe ba.
Gobe ma tare za mu matsu a baya,
in ya riga ni ciro kuɗi, in riƙe masa hannu.